Kafin ka yarda da jerin da kwamfuta ta ba ka

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don kamar ni na rubuta ta. Ka ce kana da takardar tambayoyi mai bariyabul kusan sittin, wato abubuwan da kake tambaya ko aunawa a kan kowane mutum, sufabaiza ya ce je ka yi amfani da ka'idar bayanai ka tace masu muhimmanci, shi kuma ya shiga mota ya tafi taro. Na sha wannan ruwan a lokacin digirina na biyu.

Nawa aikin a kan manoman masara ne, ina neman abin da ke sa wani ya biya bashin taki wani ya kasa. Da kaina ya ɗau zafi sai na kai wa wani mai analisis a bakin ƙofar makaranta, wanda kowa ke yabo. Ya karɓi kuɗina cas, bayan sati biyu ya miƙo min tebur mai kyau, an jera bariyabul daga babba zuwa ƙarami. Na saman suna ɗauke da lambobi irin V1, V7, ban ko koma na duba me kowace ke nufi ba, sakacina ke nan. Ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, ina sanye da sabuwar shadda, malamin da aka gayyato daga waje ya sauke tabarau ya ce, "Malam, wannan V1 da ta fi kowa, mece ce?" Na buɗe littafin lambobi hannuna na rawa. Lambar takarda ce. Lambar da muka rubuta da biro a saman kowace takarda, 001, 002, har ƙarshe. Ɗakin ya yi tsit, sai wani a baya ya tuntsire da dariya. Sufabaizana ya sunkuyar da kai yana ta duba waya kamar bai taɓa ganina ba. Na fito na kira mai analisis ɗin sau goma sha, bai ɗauka ba, washegari layin a kashe. Da muka haɗu a masallaci bayan wata guda cewa ya yi ai kwamfuta ba ta ƙarya. Wallahi har yau in na tuna wannan maganar sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah, amma wata shida ya ƙara min a karatun.

Kuma a wani ɓangaren gaskiya ya faɗa, kwamfutar abin da aka ba ta ta lissafa. Abin da Claude Shannon ya kawo a 1948 shi ne auna yawan rashin tabbas, entirofi ke nan. In ka wulla kwabo sama, rashin tabbas ɗinka bit ɗaya ne, bit shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi. Bayanin tarayya (mutual information) kuwa yana gaya maka yadda sanin abu ɗaya ke rage maka duhu a kan ɗayan. To lambar takarda ta kowane manomi daban ce, in ka san lambar ka san ko ya biya ko bai biya ba, don haka dole ta zo ta ɗaya. Duk bariyabul mai rukuni da yawa, irin sunan ƙauye ko ranar da aka yi hira, makinta kumbura yake yi haka. Cire su, ko ka haɗe rukunan su ragu.

Kar tsoro ya sa ka koma korileshan kawai, wato auna yadda abu biyu ke hawa ko sauka tare. Na Pearson, wanda aka fi sani, layi miƙaƙƙe yake gani. A nawa, shekarun manomi sun fito kusan sifili, alhali matasa sosai da dattawa sosai su ne suka fi kasa biya, na tsakiya na biya. Bayanin tarayya ne ya kamo wannan lanƙwasar.

Abin da ya cece ni a karo na biyu shi ne cakuɗawa. Ka ɗauki layin amsar abin da kake bincike a kai (a nawa, ya biya ko bai biya ba) ka hargitsa shi kamar karta, ka sake lissafi, ka maimaita sau dubu. Duk bariyabul ɗin da makinta na gaske bai wuce na hargitsattsun ba, hayaniya ce. Ni da rabin jerin nawa suka zube nan take har sai da na ji kunyar kaina.

In da manhajar Python kake aiki, umarnin mutual_info_classif na cikin kunshin scikit-learn zai lissafa maka bayanin tarayya, amma ka gaya masa da bakinka waɗanne ne na rukuni, in ba haka ba zai ɗauki jinsi da aka rubuta 1 da 2 kamar awo ne. Sannan ka lura da 'yan biyu. Girman gona da yawan buhun taki duk za su fito sama, alhali labari ɗaya suke bayarwa. Hanyar mRMR, mai zaɓo bariyabul masu amfani tana guje wa masu maimaita juna, don wannan aka yi ta.

 

Ka kuma tambayi sufabaizanka ko AIC yake nufi, don wasu malaman da sun ce ka'idar bayanai to ma'aunin Akaike ne a ransu, na ɗan Japan ɗin nan na shekarun 1970. Shi samfuri da samfuri yake gwadawa, wato tsarin lissafin da ka haɗa da bariyabul ɗinka, mai ƙaramar lamba ya fi, kuma yana cin tara a kan kowace bariyabul da ka ƙara. Amma dole samfuran su zama a kan mutane iri ɗaya. In wata tambaya tana da gurabe babu amsa, manhaja za ta zubar da waɗannan layukan shiru, lambar AIC ta sauka, kai kana murna.

Mutum nawa ka yi wa tambayoyin, kuma amsar taka e da a'a ce ko adadi? Rubuto nan, in na dawo daga aiki bayan isha'i zan duba. Ka turo har da littafin lambobin.