Tambaya da Amsa: Nicodemus, ƙauyen Amurka da ya rage saura mutum 14

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Kumo, Jihar Gombe. Ɗalibaina sun ɗauka cewa Amurka birane ce zalla da dogayen benaye, babu ƙauye babu manomi. Na taɓa jin cewa akwai wani ƙauye a can wanda baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta suka kafa da kansu, kuma a yau mazaunansa ba su cika ashirin ba. Don Allah ina neman tarihinsa, da inda yake, da dalilin da ya sa ya koma haka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri bisa hidimar da kake yi wa yaranmu. Garin da kake nufi shi ne Nicodemus, wanda yake cikin gundumar Graham a arewa maso yammacin jihar Kansas, kusan tsakiyar ƙasar Amurka, kuma ƙidayar jama'a ta 2020 ta sami mutum 14 ne kawai a cikinsa.

Yana zaune a bakin reshen kudu na kogin Solomon, a cikin shimfiɗaɗɗen filin nan mai ciyawa da ya ratsa tsakiyar Amurka daga kudu zuwa arewa, inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai ga itace ba sai a gaɓar kogi. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, wato bai kai abin da Bauchi ko Gombe ke samu a damina ɗaya ba, sannan da hunturu ƙanƙara ke sauka har ƙasa ta daskare, da bazara kuma zafi ya tsananta tare da iska mai busar da shuka. Babbar hanya mai lamba 24 ta bi ta gefensa, kuma hedikwatar gundumar, Hill City, tana yamma da shi da kimanin kilomita 20.

An haramta bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa, amma 'yancin bai zo da gona ba. Yawancin waɗanda aka 'yanta sun ci gaba da noma a gonakin tsoffin iyayen gijinsu bisa sharaɗin raba amfani, bashi yana bin su shekara bayan shekara. Da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga jihohin kudu a 1877, sai tsangwama da kisan gilla suka ƙaru, mutane suka fara neman inda za su sa kansu. A lokacin akwai wata doka ta 1862 da ta ba kowane magidanci damar mallakar eka 160, kimanin hekta 65, idan ya zauna a kan filin ya noma shi shekara biyar. Wajibi ne a faɗa wa ɗalibai cewa wannan ƙasa da ake rabawa tana da masu ita tun asali, wato ƙabilun 'yan asalin nahiyar, waɗanda aka kora da ƙarfin bindiga kafin a ce fili ne da babu kowa.

A watan Afrilu na 1877 wasu baƙaƙen fata, tare da wani Bature dillalin filaye mai suna W. R. Hill, suka kafa kamfanin da zai gina garin, suka baza takardun talla a coci-cocin jihar Kentucky suna kwatanta wurin a matsayin ƙasar albarka. A watan Satumba kimanin mutum 300 suka taso daga yankin Lexington. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, suka ƙarasa sauran tafiyar fiye da kilomita 50, wasu a ƙasa, wasu a keken doki. Abin da suka tarar ya karya wa da yawa gwiwa, domin lokacin shuka ya wuce, hunturu na ƙaratowa, kuma babu katakon gini. Dole suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka rufe da ciyawa da ƙasa, suka zauna a ciki, suna hura wuta da busasshen kashin dabbobi. Wata mata mai suna Willianna Hickman, wadda ta iso a ayarin 1878, ta ba da labari daga baya cewa da aka nuna mata garin ba ta ga komai ba sai hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, nan take ta fashe da kuka. Wasu iyalai sun juya a lokacin, kuma a ganina babu mai ikon zarginsu.

Waɗanda suka daure sun ga amfanin haƙurinsu. Cikin shekara goma jama'ar yankin suka kai ɗaruruwa, aka bar ramuka aka koma gidajen dutse, aka sami kantuna da masaukin baƙi da banki da makaranta da coci-coci, har da jaridu biyu. Ɗaya daga cikin mazauna garin, Edward P. McCabe, an zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882, muƙamin da samunsa ga baƙar fata a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne.

Layin dogo ne ya yanke wa garin hanzari. Mutanen Nicodemus sun yi iya ƙoƙarinsu don jirgi ya biyo ta garinsu, har sun amince su ɗauki nauyin bashi don jawo hankalin kamfanonin, amma kamfanin Missouri Pacific ya tsaya a Stockton, shi kuma Union Pacific ya shimfiɗa layinsa ta ɗaya gefen kogin, inda aka kafa sabon gari mai suna Bogue a 1888. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka bi tasha, wasu har gine-ginensu suka ɗauka. Malam, wannan darasi ba sai ka je nesa ba wajen bayyana shi, domin ɗalibanka sun san Gombe Abba, wadda Buba Yero ya kafa, da yadda ta ja baya bayan Turawa sun mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Doma, wato garin Gombe na yau, a 1919, sun kuma san yadda isowar jirgin ƙasa a 1963 ta ƙara wa Gombe ta yau kasuwa da jama'a. Bayan rashin jirgi sai fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka zo tare da karyewar tattalin arziki, gonaki da yawa suka salwanta saboda bashi da haraji, matasa suka nufi birane. An rufe gidan waya a 1953, makarantar ma ta biyo baya da 'yan shekaru.

Duk da haka garin bai mutu ba. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, ana kula da tsoffin gine-gine biyar: coci biyu, da makaranta, da tsohon masaukin baƙi, da zauren taron da aka gina da dutse a 1939. Kowace shekara a ƙarshen watan Yuli jikokin waɗanda suka kafa shi suna dawowa daga sassa daban-daban na ƙasar don bikin tunawa da 'yanci, al'adar da aka faro tun 1878, sai ka ga garin mutum 14 ya cika da ɗaruruwan baƙi waɗanda a gaskiya 'yan gida ne.

Tambaya: Ina rubutowa daga Azare, Jihar Bauchi, kuma ni manomiya ce. Idan ƙauyukan Amurka sun zama kufai kamar yadda ake faɗa, wa yake noma abincin da suke fitarwa duniya?

Amsa: Hajiya, tambayarki ta zo daidai da ta Malamin Kumo, shi ya sa muka haɗa su. Ƙauyukan ne suka ragu, amma gonakin suna nan ana noma su. Gundumar Graham tana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,300, mutanenta kuwa 2,415 ne a ƙidayar 2020, wato kusan mutum ɗaya a kowane murabba'in kilomita, alhali a 1910 sun haura 8,000. Tarakta da injin girbi sun sa iyali ɗaya na iya noma filin da a da sai iyalai goma ko fiye, don haka mai hali ya sayi gonar maƙwabcinsa, maƙwabcin ya tafi birni. A 1935 Amurka tana da gonaki kusan miliyan 6.8, yanzu kuwa suna wajen miliyan biyu, kuma manoma ba su kai kashi biyu cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar ba.

Abin da ake nomawa a wannan yanki ba baƙo ba ne gare ki. Akwai alkama, wadda ake shukawa a Satumba ko Oktoba, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara, a girbe ta a Yuni ko Yuli. Akwai masara, akwai kuma dawa, wadda asalinta daga Afirka ne, kuma Kansas ce ke kan gaba a nomanta a duk Amurka saboda tana jure ƙarancin ruwa. Sai dai su ba tuwo suke yi da ita ba, yawanci abincin dabbobi ce, wata a sarrafa ta a yi man mota, wata a sayar wa ƙasashen waje, musamman Sin.

Wannan sauyi ya fi yi wa manoma baƙaƙen fata illa, kuma ba injin kaɗai ne sanadi ba. A 1920 sun haura 900,000 a faɗin ƙasar, a yau ba su kai 50,000 ba. Shekaru da dama ana hana su rancen noma na gwamnati ko a jinkirta musu shi har lokacin shuka ya wuce, yayin da ake ba maƙwabtansu fararen fata a kan kari. Sun kai ƙarar ma'aikatar noma ta tarayya a shari'ar da aka sani da Pigford, kuma a 1999 gwamnati ta amince ta biya su diyya, amma a lokacin da kuɗin suka fito da yawa daga cikinsu sun riga sun rasa gonakin da kakanninsu suka bar musu.