Ku Tambayi Makanike: Jif mai lantarki da jan tirela

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Tesla Model Y da aka shigo da ita daga Amurka, ina son in riƙa jan ƙaramar tirela da ita zuwa gona. Ban ga ƙugiyar ja a bayanta ba. Mai waldan unguwarmu ya ce in kawo ta ya haɗa mini ƙarfe a shasi cikin wuni ɗaya. In kai masa? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka kai. Kafin ma a zo maganar walda, durƙusa ka duba tsakiyar bambar baya daga ƙasa. Akwai wani murfin roba a wurin da ake ɓallewa. Model Y da yawa suna zuwa da ƙugiyarsu tun daga kamfani, tana ɓoye a bayan wannan murfi: rami ne na ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa inci 2, da soket na fitilu a gefensa. Idan ka same shi, to aikinka ya ragu, sai sayen sandar da ake zurawa a ramin da ƙwallon da ke kanta.

Idan babu, ana sayar da ƙugiya wadda aka ƙera takanas domin wannan mota. Tesla tana da tata, kamfanoni irin su Curt da Draw-Tite na Amurka da Westfalia da Brink na Turai su ma suna yi wa motoci iri-iri. Duk cikinsu babu wadda ake waldawa. Ana sauke bambar baya, a kwance ƙarfen kariya da ke bayanta, a ɗaura ƙugiyar da noti a ramukan da kamfani ya riga ya tanada. A yi amfani da notin da suka zo a cikin kwalin, za ka ga an buga 8.8 ko 10.9 a kansu, lambar ƙarfinsu ke nan. Ɗaurin kuma da sifana mai awo ake yi, daidai adadin da takardar ta faɗa, a sake dubawa bayan tafiyar farko. Notin kasuwa marar lamba yana miƙewa a hankali, ranar da zai tsinke ba ya sallama.

Dalilin hana walda uku ne. Ƙashin bayan Model Y da yawa zubin alminiyum ne, ƙarfe baƙi ba ya kama shi da walda irin ta bakin titi, zafin kuma yana raunana shi. Na biyu, batir yana shimfiɗe a ƙarƙashin motar, ga wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da wuta wajen bolt 400 (a Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 ma wajen 800 ne). Tartsatsi ko bakin injin huji ya taɓa ɗayansu, magana ta wuce ta gyara. Na uku, wutar injin walda tana bin jikin mota ta ƙone ƙananan kwamfutocinta, kuma nan ne kuɗi suke.

Wayarin fitilun tirela ma kada a bar ɗan rewaya ya fere wayar fitilar baya ya jona. Kwamfutar motar tana auna wutar da kowace fitila ke sha, da ta ga ƙari sai ta kashe layin ko ta cika maka allo da gargaɗi. A nemi wayarin da ke zuwa da ɗan akwatinsa, wanda ke karanta sigina kawai ya ba tirelar wutarta daban. Abin da ƙugiyar da ba ta Tesla ba ba lallai ta ba ka ba shi ne tsarin jan tirela na cikin manhajar motar, wanda Tesla ke buɗewa idan ita ta ɗaura. Shi ne ke kashe wasu na'urorin taimakon tuƙi, ya kunna mai kwantar da lilon tirela.

Sai ƙwallo. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka kala uku ne: inci 1⅞, inci 2, da inci 2 5/16. Inci 2 milimita 50.8 ke nan, a ido ɗaya suke da na Turai, amma bakin tirela mai milimita 50 yakan ƙi kullewa a kansa. Wanda ya fi haɗari shi ne ƙwallon da ya yi wa bakin tirelar ƙanƙanta, domin bakin zai zauna lafiya lau har ka ji ya yi ƙas, sai an faɗa rami ya yi tsalle ya fita. Karanta lambar da aka buga a saman ƙwallon da wadda ke jikin bakin tirelar, su zo ɗaya. Sarƙoƙin tsaro biyu kuma a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirelar yadda in ya fita zai faɗa kansu, kada ya caki kwalta.

Tambaya: Ina ba da hayar rumfuna da kujerun biki. Ina neman jif mai lantarki da za ta ja tirelar kayana. Dillali ya ce mini duk mai lantarki ta fi mai fetur ƙarfi, kowacce na ɗauka za ta ja. Haka ne? Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: Hajiya, rabin maganarsa gaskiya ce. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tashi, ga nauyin batir a ƙasa yana dafe motar, saboda haka jan kaya da ita akwai daɗi. Amma ba ƙarfin inji ke yanke hukunci ba. Birki, da sanyaya batir, da ƙarfin wurin da ƙugiya za ta kama, su ne kamfani ke gwadawa kafin ya rubuta lamba. A Turai sai mota ta tashi da tirela a hawa mai kashi 12 cikin 100 sau biyar cikin minti biyar. A Amurka, ƙa'idar SAE J2807 tana sa a hau hanyar Davis Dam ta jihar Arizona, wajen kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki gaba ɗaya. Wannan zafin kuwa a wurinmu abin yau da kullum ne a watan Afrilu.

Lambobin sun sha bamban ƙwarai. Rivian R1S tana jan laba 7,700, kusan kilo 3,500. BMW iX da Kia EV9 mai jan ƙafa huɗu suna kai kilo 2,500 a takardun Turai. Tesla Model X laba 5,000 ce (kusan kilo 2,270) da taya mai inci 20, amma a tsofaffinta in aka sa mai inci 22 sai ta sauko laba 3,500 (kusan kilo 1,600). Model Y da Ioniq 5 mai babban batir suna wajen kilo 1,600. Ford Mustang Mach-E kuwa a Turai an ba ta izinin ja, a Amurka kamfanin ya ce kada a ja da ita. Don haka sunan mota kaɗai bai isa ba, sai an san kasuwar da aka yi wa ita.

Ga yadda za ki gane da kanki a filin dillalai. Motar Turai tana da ɗan allo a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet, mai lambobi huɗu a jere. Ta farko nauyin motar ne da cikakken lodi, ta biyu nauyinta haɗe da tirela, sauran biyun na gatarin gaba da na baya ne. Ɗebe ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da za ta ja. In layi na biyu babu komai ko sifili ne, ki wuce gaba. Motar Amurka kuwa sai an buɗe littafinta.

Duk waɗannan manyan lambobi na tirela mai birkin kanta ne. Tirelar da ba ta da birki, irin wadda aka fi haɗawa a gida, iyakarta kilo 750 a ƙa'idar Turai, haɗe da nauyin ita kanta. In tirelar tana da kilo 250, saura 500 ke nan: buhun siminti 10, ko buhun masara 5. Tankin ruwa mai lita 1,000 shi kaɗai ya zarce.

Lodi ma da yadda ake yinsa. Kashi 60 cikin 100 na nauyi ya zauna gaban gatarin tirela, ƙarafan rumfa a ƙasa, kujeru a sama. Nauyin da ke danne ƙwallo a motocin Turai yawanci kilo 75 zuwa 100 ne iyakarsa. Ana auna shi da sikelin da mutum ke hawa: a tsayar da guntun katako a kansa daidai tsayin ƙwallon, a ɗora bakin tirelar. In ya yi sauƙi da yawa, tirela za ta fara kaɗa wutsiya da an kama gudu. In haka ta faru, direba ya riƙe sitiyari a miƙe, ya sassauta totur sannu-sannu. A motar lantarki ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya tamkar taka birki ne, domin injin yana riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir, shi ya sa ya kamata a rage ƙarfin wannan riƙon kafin a tashi, a motar da ke ba da damar hakan.

Tambaya: Motata tana yin kilomita 400 a caji ɗaya. Da tirela zan iya Kano zuwa Kaduna ba tsayawa? Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Malam, da wuya. Ɗauki rabi ka yi lissafi da shi. Batir mai kilowat-awa 77 da ke shan 19 a kowane kilomita 100 zai yi 400. Da doguwar tirela mai kama iska shan yakan ninka, ya rage kusan 200, hanyar kuwa ta haura kilomita 200. Iska ta fi nauyi cin batir a miƙaƙƙiyar hanya: turjiyarta a gudun 100 ta fi ta gudun 80 da fiye da rabi. Ka tsaya a 80, ka rufe kaya da tamfol ka ɗaure tam, ka ƙara iskar tayoyin baya yadda littafi ya ce. Ka kuma tabbatar da inda za ka yi caji a tsakiya kafin ka bar gida, kuma ka shirya kwance tirelar a wurin, domin wayar caji gajera ce.

Wani abu da ake mantawa: batirin da ya cika maƙil ba ya karɓar wutar da inji ke mayarwa, don haka riƙon nan na ɗage ƙafa yana ɓacewa. Wanda zai fara tafiya da doguwar gangara irin ta Hawan Kibo ya tsayar da caji a kashi 80 ko 90, in ba haka ba birkin taya ne kaɗai zai riƙe mota da tirela.

Tambaya: Idan caji ya ƙare mini a hanya, wata mota za ta iya ja na da igiya zuwa gida? Daga wata mai karatu, Abuja.

Amsa: A'a, Hajiya. Motar lantarki ba ta da kuloci da zai raba taya da inji. Ko an sa ta a N, taya na juyawa inji na juyawa, injin mai maganaɗisu kuma sai ya koma janareta yana haifar da wutar da ba ta da wurin zuwa. Zafi ya taru, ya lalata injin ko na'urar da ke sarrafa wutarsa, garanti kuma ba ya biyan irin wannan. A kira janwe mai shimfiɗaɗɗen baya a ɗora ta, ƙafa huɗu duk a sama. In mai ɗaga kai kaɗai aka samu, sai an sa ƙananan tayoyi a ƙarƙashin sauran biyun.

A Tesla akwai tsarin ɗauka a allo wanda ke sakin birkin ajiya, amma kamfanin ya iyakance shi ga gudun da bai kai kilomita 5 a awa ba, da nisan mita 10, wato iya jawo ta kan janwe. Ki kunna shi da wuri, domin in ƙaramin batirin da ke riƙe allon ya mutu, sai an ba shi wuta daga waje kafin birkin ya saki. Zoben ja yana cikin but ɗin gaba, ramin ɗaura shi yana bayan wani ɗan murfi mai da'ira a bambar gaba. Ki gaya wa yaran janwe cewa hagu ake murɗa shi ya ɗauru, kada su yi ta fama da shi dama har su cinye zaren. Kada kuma su rataya ƙugiyarsu a ƙarafan ƙafa ko a gefen batir.