Bayan motata na lilo a hanyar gona: in ƙara mata sifirin?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2010 mai ƙofa huɗu. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Kaltungo da gonata da ke wajen Tula, wani lokaci wayam, wani lokaci da buhunan masara da leburori. Tun da damina ta ɗauke motar ta sauya mini. In na faɗa rami sai ta yi ta lilo kamar kwale-kwale, in na ɗora kaya kuma bayanta ya zauna har ina jin ƙarfe na dukan ƙarfe. Makon jiya a wata kwana bayanta ya so ya ƙwace mini, ga yarana biyu a ciki. Wani bakanike ya ce in ƙara sifirin uku-uku na babbar mota, komai ya yi tauri. Hankalina bai kwanta ba. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya ƙara kiyayewa, Ya raya yara. Rashin kwanciyar hankalinka na da dalili, kada ka bari a taɓa sifirin ɗin nan tukuna.

Matsala biyu ka faɗa, kuma kowacce da maganinta. Lilo bayan rami aikin shokazoba ne: ta mutu ko tana gab da mutuwa. Zaman baya in an ɗora kaya kuwa sifirin ne ya gaji, ko kayan ne suka fi ƙarfin motar. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shokazoba ke hana shi tsalle. Wanda ya ce ƙarin sifirin zai magance lilo bai gane aikin da yake yi ba, ko kuma yana da tsoffin ƙarafan da yake neman kai da su.

A nan zan tsaya, domin da wuya mako ya wuce ba a shigo mini da irin wannan ɓarna gareji ba. Mutanenmu sun ɗauka mota mai tauri ita ce mota mai ƙarfi. Sai a je wajen masu tsoffin kaya a sayo fallen sifirin na tifa ko na bas, a yanka, a huda, a cusa. Mai mota ya ga bayanta ya ɗaga sama, ya danna da hannu bai motsa ba, ya ce madalla, aiki ya yi kyau. Ya biya kuɗi an lalata masa mota.

Ka duba abin da ke faruwa a kan burji mai gargada. Taya tana riƙe hanya ne muddin tana manne da ƙasa, kuma sifirin mai lanƙwasa shi ke ba ta damar bin kowane tudu da kwari. In ka mayar da shi kamar sanda, sa'annan bayan motar babu kaya, tayoyin baya sai su dinga tsalle daga wannan tudu zuwa wancan. Tayar da ke sama ba ta da birki, ba ta da riƙo. A miƙaƙƙiyar hanya wahalar ƙugu kawai za ka sha. A kwana kuwa, bayan motar zai zame gefe, ga Hilux da tsawo, in tayar ta ci karo da gefen hanya sai adungure. Abin da ya ba ka tsoro makon jiya shi ne shawarar nan za ta ninka maka.

Akwai kuma abin da masu cusa sifirin ba su ma san da shi ba. Da yawa daga cikin Hilux na wancan zubin suna da wani bawul a ƙarƙashin baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul, wato ƙarfen da ke haɗe tayoyin baya biyu. Aikinsa auna yadda bayan motar ya zauna. In ya zauna, ya gane akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ya ɗaga, sai ya rage. To ka ɗaga bayan motar da ƙarin sifirin ba ka saita shi ba, ka ɗora buhu goma, bawul yana ganin motar wayam take. Kana gangarowa daga Tula birkin gaba kaɗai ke shan wahala har ya yi zafi, kai kuma kana mamakin yadda mota ta ƙi tsayawa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne walda. Ba a yi wa sifirin walda, ba a gasa shi da wuta don a lanƙwasa shi. Ƙarfe ne da aka dafa a masana'anta da zafi na ƙa'ida, wuta na taɓa shi ya tashi daga sifirin. Bara aka jawo mini wata a-kori-kura daga hanyar Dukku. Babban fallen sama, wanda ke riƙe da aksul, ya taɓa tsagewa, wani ya liƙe shi da walda ya shafa baƙin fenti. Ya karye daidai gefen waldar. Na ɗauki guntun a hannuna, bakin karayar fari fat, yana ƙyalli kamar an fasa ƙanƙarar sukari, gefensa kuma ga shuɗin tabon wuta. Aksul ya ja baya ta ɓangare ɗaya, taya ta shige jikin bodi. Direban ya ce mata ne cike a baya, suna dawowa daga kasuwa. Allah ne kawai Ya tsare. Wanda ya yi waldar nan ya karɓi kuɗinsa ya ci tuwo ya yi barci. Ni dai ina faɗa wa yaran da ke koyon aiki a wurina, duk wanda ya miƙa maka makullin motarsa, ran iyalinsa ya miƙa maka, kuma za a tambaye ka. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, arzikinka ba zai ragu ba.

Kada kuma ka yarda da zancen cewa ƙarin sifirin na ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Hilux kayan da aka yi ta dominsa bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Buhun masara kilo 100 ne, lissafin a fili yake: buhu bakwai ko takwas da leburori biyu da kai, ka cika. Sifirin zai ɓoye maka zaman motar, amma boris da aksul da birki da taya suna nan yadda suke. Ƙarshenta shasi ne ke tsagewa tsakanin kan motar da bodi.

Yanzu ga abin da za ka yi. Fara da iskar taya, don ba ta cin kuɗi. Masu faci da yawa suna ɗura iska har PSI 50 ko 60 a ma'aunin iskar taya, wai don taya ta daɗe. Wannan kaɗai ya isa ya sa mota tsalle. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin da ke nuna iskar da ta dace in babu kaya da in akwai. Sayi gejinka na auna iska ka ajiye a mota. In za ka daɗe a kan burji ba kaya, kana iya rage 4 ko 5 ka rage gudu, ka mayar in ka hau kwalta. Da kaya kuwa, kada ka rage.

Sai shokazoba. Leƙa ka ga ko mai ya jiƙa jikinta, ƙura ta manne. Ka yi tafiyar minti 15 a gargada, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowacce a hankali. Mai aiki za ta yi ɗumi, wadda ka samu da sanyi ta mutu. Hanya irin taka tana dafa man cikinta har ya yi kumfa, shi ya sa shokazoba mai gas ta fi dacewa da kai. Kamfanonin KYB da Bilstein da Old Man Emu duk suna yin na Hilux, sai dai jabu ya cika kasuwa, har da tsofaffin da aka wanke aka fesa wa fenti aka sa a sabon kwali. Sayi wurin wanda zai ba ka rasit, ka canza biyu-biyu, hagu da dama tare. Sau da yawa a nan matsalar lilo ke ƙarewa. A duba dukkan bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafa, da robar nan da ke tare aksul kada ya doki shasi. In ta gutsure, ita ce ƙarar da kake ji.

In bayan wannan motar tana zama da kaya daidai ƙa'ida, sifirin ya gaji. A sa sabon saiti na Hilux, ɓangare biyu. Tunda kana yawan ɗaukar kaya, akwai saitin da aka ƙera wa motar don matsakaicin nauyi, ko falle ɗaya tak da aka yi dominta. Kada ɗagawar ta wuce inci 2, a tabbatar tsawon shokazoba ya kai, a saita bawul ɗin birki. Gaba kuwa naɗaɗɗen sifirin ne, bar shi yadda yake in ba ka ɗaura wa motar ƙaton bamba na ƙarfe ba.

Ka tsaya a kan masu gyaran lokacin ɗauri. A sa sabbin ƙusoshin da ke rungume sifirin da aksul, tsoffin sun riga sun miƙe. Notin bushin kuma sai an sauke motar daga jak, nauyinta na kan tayoyinta, sa'annan a ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. A yi saitin ƙafa. Bayan ka yi tafiyar kilomita 500 ka koma a sake bin notin da sifana. Kafin a gama duk wannan, Alhaji, a bar yaran a gida in za ka hau Tula.