Me ya sa datti ya fi kama haƙorin roba?

Tambaya: Likita barka da aiki. Ina da haƙorin Makka guda ɗaya da kuma na roba irin wanda ake cirewa, to na robar kullum sai na ga farin datti ya lafe masa, na Makkan kuwa fes. Robar ce ba ta da kyau ko me?

Amsa: Hajiya barka dai. Kowane abu mai tauri fuskarsa tana da wani ƙarfin ja, ki ɗiga ruwa a kan gilashi mai tsafta sai ya baje, amma a kaskon Teflon, irin wanda abinci ba ya kamawa, sai ya dunƙule ya gangara, saboda jan Teflon ɗin kaɗan ne. Bakteriyar baki ma haka, yawancinsu sun fi samun wurin kamawa a fuskar da janta ke da yawa, kuma an gwada a bakin mutane an ga fuska mai ƙarancin ja ba ta kai mai jan da yawa tara datti a saman dasashi ba.

Sai dai fa a baki ba kai tsaye suke manne wa abin ba, cikin mintuna yawu yake shafa wata siririyar fatar furotin a kan komai, haƙori ne ko ƙarfe ko roba, a kanta ne bakteriya irin su Streptococcus sanguinis da mitis suke fara sauka, sauran su biyo baya. Fatar nan tana rage bambancin sosai duk da ba ta share shi gaba ɗaya.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kaushi ya fi wannan jan tasiri. Masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam sun nuna a 1997 cewa idan kaushin fuska ya haura maikiromita 0.2 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) datti yana ƙaruwa, don ƙwayoyin suna ɓuya a ƴan ramukan da yawu da harshe ba sa iya wanko su. Na Makkanki a goge yake sumul, ita kuwa robar cikinta da ke kwanciya kan dasashi ba a goge shi, ga ƙananan ƙofofi, Candida ma, wata ƙwayar fungas mai haddasa farin ciwon baki, nan take son zama.

To don Allah ki daina dirzar na robar da gawayi ko toka ko man goge baki, karce shi suke yi. Buroshi mai laushi da sabulu ya isa, ki cire shi da dare ki sa a ruwa, in kuma ya riga ya yi kaushi ki kai wa likitan haƙori ya sake goge miki ko ya duba in lokacin canji ya yi.