Ɗan haya ya riƙe kuɗin wata huɗu: in cire masa ƙofa?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina saida wake da gero a babbar kasuwar Maraɗi. Na gina gida a unguwar Zariya, ciki da falo huɗu da shago ɗaya a bakin ƙofa, na zuba ƴan haya. Ɗaya daga cikinsu wata huɗu bai biya ba, jaka 20 ne kowane wata, kuma ba mu rubuta komai ba. Dillalin da ya kawo shi ya ce in cire ƙofar ɗakin ko in yanke masa wuta, da kansa zai tashi. In yi?

Amsa: Alhaji, kada ka taɓa ƙofar nan, kada ka taɓa wayar wuta. Gidan naka ne, amma tun ranar da ka miƙa masa makulli ɗakin ya zama mazauninsa a idon shari'a. A Nijar akwai dokar haya ta musamman, mai lamba 96-016 ta 18 ga Afrilu 1996, kuma alƙali ne kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfi. In ka cire ƙofa, ko ka watso kayansa tsakar gida, kai mai bin bashin jaka 80 kai za a kira ka amsa ƙara. Ya ce kuɗinsa sun ɓata daren da ɗakin ya kwana buɗe, da me za ka musa? Shi dillali ya riga ya ci la'adarsa, ba zai raka ka gaban alƙali ba.

Fara da lissafi. Rubuta ranar da ya shiga, watannin da ya biya da waɗanda ya riƙe. Kira shi gaban mai unguwa ko dattawa biyu, ya amsa bashin da bakinsa, a rubuta, ya sa hannu, shaidu su sa. Wannan takarda ita ce za ta toshe ramin da rashin yarjejeniya ya bari. In zai iya, ku yanka masa biya kaɗan-kaɗan: hayar wata da jaka 10 a kai, cikin wata takwas ya fita bashi. Sau da yawa wannan ya fi shari'a araha. In ya ƙi, ka je wurin ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye ya kai masa takardar gargaɗi mai wa'adi. Wa'adi ya cika bai biya ba, sai kotu: ka nemi a warware hayar, a umarce shi ya biya, ya fita. Wisiyen ne zai zartar da hukuncin, ba yaran shagonka ba.

Kafin ka je, duba naka gefen, don shi ma za a saurare shi. Rufin da ke zuba da damina, bangon da ya tsage, masai da ya cika ko ya rufta, duk manyan gyare-gyare na mai gida ne. Kwan fitila, makullin da ya karya, kan famfon da ya lalata, nasa ne. In tun bara yake kuka da yoyo yana tara roba a tsakar ɗaki kana cewa sai bayan kaka, da wannan zai kare kansa.

Sauran ukun kuwa, wannan satin ka rubuta da su: sunan kowa da lambar katinsa, kuɗin haya da ranar biya, kuɗin ajiya da abin da za a cire a ciki ranar fita, wa'adin sanarwa kafin tashi, da hana saka wani a ɗakin ba da saninka ba. Ɗauki hoton kowane ɗaki da waya. Sayi ɗan littafin rasit mai kwafi, ko dala aka ba ka ka rubuta. Mita ɗaya ta kamfanin wuta NIGELEC ga gida huɗu kuwa masifa ce, mai firiza da mai fanka ɗaya ba za su taɓa yarda da rabon daidai ba. Raba musu mita in da hali, in babu, a rubuta kason kowa.

Shagon bakin ƙofa dokarsa daban, ta hayar wurin sana'a ce ta OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwanci na Nijar da na wasu ƙasashen Afirka. Wanda ya yi shekara 2 yana sana'a a ciki yana bin sharuɗɗa ya samu haƙƙin a sabunta masa, in ka ƙi ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba sai ka biya shi diyya. In hayar ba ta da ranar ƙarewa, sanarwar wata 6 ake ba shi. In kuɗi ya riƙe, gargaɗin wata ɗaya kafin a kai shi kotu. Don haka in kana da niyyar ɗanka ya zauna shagon nan gaba, lissafa watannin mai ciki tun yau.