Kul ka danna masa gwiwa

Ɗana, ka ce wani Alhaji cikin sababbin ɗalibanka na yoga, wato motsa jikin nan na Indiyawa, ya nuna maka hoto a waya, wani Ba'indiye ya harɗe, kowace ƙafa ta hau kan ɗaya cinyar, ya ce shi wannan zaman yake so. Da ya gwada sai gwiwarsa ta dama ta tsaya cak a sama, shi ne kake tambaya ko ka sa hannu ka danna masa ita ƙasa. Kul! Ko shi ya roƙe ka, kar ka yi.

Zaman nan sunansa padmasana, an ɗauko shi daga wani fure na ruwa mai kama da bado. A ido sai ka ɗauka aikin gwiwa ne, alhali daga ƙugu yake fitowa. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, ta buɗe ta rufe, murɗawarta kaɗan ce ƙwarai. Gaɓar ƙugu kuwa kamar taɓarya ce a cikin turmi, tana juyawa ko'ina. In ƙugu ya ƙi juyawa ka tilasta, murɗawar sai ta gangaro kan gwiwa, ta matse guringuntsin da ke ɓangaren ciki, wani lokaci har ya yage. Ni ganau ne. Lokacin da nake koyo a birnin Pune na Indiya na ga yara suna harɗewa kamar ba su da ƙashi, na ce ni ma sai na yi, na finciko ƙafata da hannu biyu. Wata 4 ina sallah a kan kujera saboda ciwon gwiwa.

Ga abin da za ka yi masa. Ninka bargo biyu, ya zauna a bakin gabansa, har ƙugunsa ya ɗara gwiwoyinsa tudu. Ya tanƙwashe ƙafa irin tanƙwashewar da ya saba a tabarma wajen cin tuwo. Su can sukhasana suke ce mata, wato zaman sauƙi. In gwiwa ta rage a sama, cusa mata matashi ta samu abin dogara. Sannan ka zagaya bayansa ka duba. In ƙasan bayan ya ƙundume ya yi doro, tudun bai isa ba, ƙara bargo. B.K.S. Iyengar, shahararren malamin yoga na Indiya, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95, da irin waɗannan kaya ya yi suna: bargo, ɗan katako, ɗamara. To in shi bai ji kunyarsu ba, Alhaji ma ba zai ji ba.

Ka tuna kalmar asana, wadda ke ƙarshen padmasana da sukhasana, asalinta zama take nufi, kuma Patanjali, malamin yoga na zamanin da, sharaɗi biyu kawai ya gindaya mata, ya kasance mutum ya kafu, kuma ya sake. Wanda ke cije leɓe yana ƙirga daƙiƙa, ina zai samu natsuwar bin numfashinsa? (Mu dai aikin jiki da numfashi muka ɗauko, abin da ya shafi bautarsu mun bar musu, ka faɗa wa ɗalibai haka tun ranar farko, don za su tambaya.)

Ya fara da minti 5. Ka koya masa bambance ciwo: jan nama a cinya ko ɗuwawu ba komai, amma suka a cikin gwiwa, ko da kamar tsinin allura ne, ya warware nan take. In ƙafa ta mutu ya miƙe ta, ya jira ta dawo kafin ya tashi, kuma kullum ya riƙa sauya wadda ke gaba.

Bayan wasu watanni, in gwiwoyin sun sauka da kansu, sai a gwada rabin harɗewa, ƙafa ɗaya kawai a kan cinya. Wani ma ƙirar ƙashin ƙugunsa ba za ta taɓa barinsa ya yi cikakkiyar ba ko zai shekara 10 yana fama. Ka kawo mini Alhajin ranar Asabar in ga zamansa da idona, ka ce ya sa wando mai yalwa.