Ɗana Yana Dukan Yara In Ransa Ya Ɓaci, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 6 yana aji ɗaya na firamare. Yana da ƙoƙari a karatu, amma abu kaɗan ke hasala shi, ya kai wa wani yaro duka ko ya yi jifa da littafi, sannan ya fashe da kuka. Malaminsa ya zane shi, ni ma na zane shi, abin sai gaba yake yi. Ina mafita? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ɗanki bai lalace ba. Riƙe zuciya abu ne da ake koya wa yaro kamar yadda ake koya masa karatu, kuma shi bai kai ga koyonsa ba tukuna. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke hana mutum bin zugar fushi, ba ya gama ƙosawa sai an haura shekara 20. To ina ga ɗan shekara 6?

Ki fara da ajiye bulala. A shekarar 2016 wasu masana a Amurka sun tattara binciken da aka yi cikin shekara 50 a kan yara sama da 160,000, suka ga cewa yaran da ake duka sun fi yawan faɗa da taurin kai. Dalilin a fili yake. Yaron da aka doke shi don ya doki wani, abin da ya gani shi ne in babba ya ji haushi hannu yake ɗagawa.

Yayin da ya harzuƙa, kada ki tsaya yi masa wa'azi, ba zai ji ba. Ki riƙe hannunsa ba da ƙarfi ba, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki sassauta murya ki ce: "Na ga ranka ya ɓaci don an ɗauke maka fensir. Fushi ba laifi ba ne, amma ba a duka." Wannan magana, ƙarama kamar yadda take, ita ce ginshiƙin aikin. Yawancin yaran da ke saurin kai hannu ba su iya faɗin abin da ke cin su ba. Kunya, tsoro, kishin ƙani, yunwa, duk a fushi suke fitowa. In kika riƙa ambata masa su ɗaya bayan ɗaya, wata rana da bakinsa zai ce "na ji haushi" kafin hannu ya motsa.

Sai ya huce sannan ku yi magana. Ki koya masa abin da zai yi in zuciya ta taso: ya ja dogon numfashi sau uku, ya zauna, ya sha ruwa. Addininmu ya riga ya koyar da haka, domin ya zo a hadisi cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ku gwada shi cikin wasa ranar da babu rigima. In ya yi duka, hukuncinsa ya ba da haƙuri ya gyara abin da ya ɓata. Ranar da ya daure kuwa, ki yabe shi ki faɗi abin da ya yi daidai. Ni a ganina nan ne iyayenmu suka fi sakaci, laifi muke gani, dauriya ta wuce mu ba mu lura ba.

Tatsuniyar dare ma makaranta ce. In Gizo ya cuci Ƙoƙi, ki tsaya ki tambaye shi yaya take ji, kuma da shi ne me zai yi.

Ki je wajen malaminsa da girmamawa, domin mai riƙe da aji cike da yara yana cikin ɗawainiya. Ku yi ittifaƙi a kan kalmomi iri ɗaya da gida da makaranta, a ware masa inda zai zauna ya huce, a kuma ba shi wani aiki kamar goge allo ko raba littattafai. In malam yana ganin wannan ɓata lokacin darasi ne, wani nazari na 2011 da ya haɗa ɗalibai kusan 270,000 ya nuna cewa waɗanda aka koya wa sarrafa zuciya da iya zama da mutane sun fi takwarorinsu kyawun hali, kuma sakamakon karatunsu ya ƙaru.

Ki kuma duba ko yana samun barcin awa 9 zuwa 12 da ɗan shekarunsa ke buƙata, ko yana karya kumallo, ko akwai mai cin zalinsa lokacin tara. In an yi wata biyu zuwa uku babu sauyi, ko yana ji wa kansa ko wasu ciwo, ki kai shi wajen likitan yara a duba jinsa da ganinsa da yanayin natsuwarsa. Allah Ya shirya mana shi.